Yadda Ake Nuna wa Yara Fim Ɗin Fatalwa Ba Su Ga Fatalwa Ba

"Umma, fatalwar Ingila tana jin a'uzu billahi, ko sai an yi mata da Turanci?"

Idan 'yarki ta taɓa jefo miki irin wannan tambaya a tsakiyar titin kasuwar Rye Lane, kina riƙe da doya kina duba ko ta ruɓe, to wannan takarda taki ce. Oktoba ce ta zo ƙarshe. Turawa sun fara huda kabewa suna yi mata ido da haƙora, kabewar da za ta yi miki miyar taushe ta kwana uku, yaran makaranta kuma ba su da zance sai na Halloween, ranar da ake shigar dodanni a zauna a kalli fim ɗin ban tsoro.

Kwantar da hankalinki. Ki bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ban da tsallake, an yi miki alkawari yaranki za su kalli fim ɗin fatalwa daga farko har ƙarshe ba su ga fatalwa ba, ba su ga kabari ba, ba su ga ana sumba ba, kuma kowa ya kwana a gadonsa, ba a naki ba.

An gwada hanyar. Shafa'atu matar Dakta Maharazu, da ke hawa na huɗu a wani flat ɗin council, gidajen hayar ƙaramar hukuma, a unguwar Peckham, ita ta gwada ta a Oktoban 1992 a kan 'yarta Safura mai shekara bakwai. Duk inda kika ga sunanta, ki yi koyi.

1. Ki fara da a'a

Uwa ba ta amsa tambayar fatalwa a bakin titi. Ki ce sai an je gida. A gida ki ce a'a tun ba a roƙe ki ba, ki jero dalilai: ba al'adarmu ba ce, ba addininmu ba ne, kuma wanda ya taso a garin da ake da aljanu na gaske ba ya fita neman na roba.

Haka Shafa'atu ta yi tana yanka albasa, har da nuni da wuƙa. Safura ba ta yi kuka ba. Da ma kukan ta yi, da abin ya zo da sauƙi. Ta tsaya a bakin ƙofar kicin tana murza maɓallin rigar sanyinta, ta ce, rabi da Hausa rabi da Turanci kamar yadda ta saba:

"Na riga na yi inviting ɗin Gemma."

"Wace ce kuma Gemma?"

"'Yar ajinmu. Bidiyonsu ya lalace. Ta ce duk wadda take da fim mai ban tsoro, gidansu za ta je ranar Asabar ta sama, ranar Halloween."

"Ke kuma kika ce kina da shi."

"Na ce a gidanmu kullum muna kallo."

"Kullum? A gidan wa?"

"Ta ce za ta riƙa zama kusa da ni."

Ki yi hattara da irin wannan magana ta ƙarshe, ta fi albasa sa ido ruwa. Wata takwas ke nan da tasowarsu daga unguwar Whitechapel, kuma Shafa'atu ta san inda 'yarta take zama lokacin hutun rana, don ta sha leƙawa ta wayar katangar makaranta in ta dawo daga cefane. Ƙarshen benci ne. Ita da akwatin abincinta a gefe guda, ɗaya gefen wurin mutum uku babu kowa. A wata takwas ɗin nan ba ta taɓa jin sunan yaro ko ɗaya daga bakin Safura ba sai yau.

2. Ki koma i, amma kada fuskarki ta nuna

Idan kika yarda da fara'a, gobe kare za a ce a saya. Ki juya baya, ki kunna famfo, ki yarda kina wanke tukunya. Sannan ki kafa sharuɗɗa uku: ke za ki zaɓi fim, ke za ki tsaya a kan bidiyon, kuma a gama kafin magariba.

Na ukun nan ba abin wasa ba ne. Kin san magariba a wajenmu: a kira yara ciki, a rufe ƙofa da taga, a daina guje-guje. Su kuwa Turawa, cikin duk lokutan da Allah ya yi, magaribar suka zaɓa su saki yaransu ƙofa ƙofa suna kwaikwayon matattu. Ba ruwanki da su, kowa da irin jarumtarsa.

Ki samu littafi mai layi-layi. Shafa'atu ta sayi sabo, ta rubuta a shafin farko: Baƙuwa, huɗu. Abinci, huɗu da minti biyar. Fim, huɗu da kwata. Magariba, shida saura minti goma. Ta ja layi biyu a ƙarƙashi, ta rubuta wa uwar Gemma takarda da rubutunta mai kyau na cike takardar asibiti.

3. Ki je shagon bidiyo ke kaɗai

Kada ki tafi da yaro. Yaro kwali yake zaɓa, kwalin kuma duk wanda ya fi jini shi ya fi kyau.

A bayan kowane kaset akwai alama. Mai harafin U na kowa da kowa ne, har jariri. Mai PG nufinsa iyaye su sa ido, kamar da can a aljihu muke ajiye shi. Mai sha biyar da mai sha takwas kuwa kada ma ki ɗauka da hannun dama.

Shafa'atu ta tarar da Wahabu mai shagon a bayan kantarsa, mutumin Kumasi, ɗan zango, mai Hausar da ba ta damu da bambanta mace da namiji ba.

"Hajiya, sannu. Yaya yarinya, ya warke mura?"

"Ta warke, Malam Wahabu. Fim nake so na fatalwa."

"Akwai da yawa."

"Amma ban da jini."

"To."

"Ban da maita, ban da maƙabarta, ban da wuƙa, ban da mace mai gajeren kaya. Kuma fatalwar kada ta zama mai ban tsoro."

Wahabu ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Hajiya, wanda kake so ba su yi shi ba tukuna. Amma ga wannan. Ɗiyana Fulera ya kalla sau uku, ya yi barci lafiya."

Labarin wani tsohon tela ne a wani gari na bakin teku, ya mutu bai gama ɗinkin mutane ba, shi ne ya kasa kwanciya, kekensa yake tashi shi kaɗai yana ɗinki. Shafa'atu ta juya kwalin, ta ga akwai kare a jiki, ta ga PG. Ta ce a ranta wannan fatalwa ai mai amana ce. Telanta na Kano da ransa da lafiyarsa ya riƙe mata atamfa sallah biyu, bai taɓa rasa barci ba.

4. Ki riga su kalla, da rana tsaka, da littafinki

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. A gaban bidiyon akwai wasu lambobi masu gudu in kaset yana tafiya. Ki mayar da su sifili. Duk inda abin da bai dace ba ya fara, ki rubuta lamba, inda ya ƙare ki rubuta lamba. Ranar kallo sai ki tsallake.

Ranar Juma'a da hantsi, Safura na makaranta, Dakta na asibiti, Shafa'atu ta buɗe labule duka, ta zauna da biro. Ga kaɗan daga abin da ta rubuta:

312, jana'izar telan, an nuna rami. 655, keke yana tafiya ba kowa a kai. 890, jikar telan da mai kawo madara suna kallon juna, kallon ba na gaisuwa ba ne. 1104, yaro ya ɗaga wa uwarsa murya ya buga ƙofa, ba a dake shi ba, ba a ma kira shi ba. A nan ta ja layi uku, don a ganinta duk fim ɗin babu abin tsoro kamarsa. 1400, mai madara ya cika aikinsa. 2140, kabad ya buɗe a hankali, telan ya fito da farin ƙyalle a kafaɗa da allurai a baki.

A 2140 biron ya faɗi ƙarƙashin kujera, kuma a can ya kwana.

Idan hakan ta same ki, ba tsoro ba ne, kulawa ce. Kulawa ce ta sa Shafa'atu ta tashi ta dubi nata keken ɗinkin da ke kusurwar falo, ta lulluɓe shi da bargo, ta ja shi ta kai kabad ɗin ɗakinta ta rufe. Kulawa ce ta sa ta tuna a kabad ta sa shi, ta kwashi kayan da ba su yi dauɗa ba ta tafi shagon wanki ta zauna cikin mutane har lokacin tashin makaranta.

Fim ɗin awa ɗaya da rabi ne. Bayan gyara ya koma minti ashirin da shida, yawanci kare yana gudu a bakin ruwa, sai mutane suna shan shayi.

5. Ki tanadi zani, ki tanadi mai riƙewa

Abin da masu ƙera bidiyo ba su faɗa ba shi ne, in kika danna maɓallin gudu hoton ba ya ɓacewa. Sumbar tana nan, sauri kawai ta ƙara. Saboda haka dole a rufe talabijin da zani kafin a danna. Ki zaɓi mai kauri. Leshi ba ya aiki, an gwada.

Aikin mutum biyu ne, ɗaya a maɓalli ɗaya a zani. Ki nemi maigida tun da wuri, ki kuma shirya wa amsarsa.

"Baban Safura, gobe ƙarfe huɗu za ka riƙe min zani."

Dakta Maharazu ya buɗe littafin yana cin tuwo, ya bi lambobin da ido.

"Shafa, mu da za mu shiga tiyata ba ma irin wannan shirin."

"Ku ai ɗaya kuke yankawa. Ni wuri goma sha bakwai ne."

"Gobe ina on call, asibiti na iya nemana kowane lokaci."

"Tun yaushe?"

"An yi min waya ɗazu."

"Wayar nan tun safe ba ta yi ƙara ba."

"A asibiti aka yi min."

"To kafin ka fita ka sa ƙwan lantarkin corridor. Sati uku ke nan muna lalube."

"In sha Allahu."

Ki karɓi in sha Allahun da hannu biyu, ki koyi riƙe zani da haɓa.

6. Ki karɓi baƙuwa, kada ki gyara mata kaya

Ƙarfe huɗu daidai aka ƙwanƙwasa. Shafa'atu ta buɗe ta ga yarinya mai jan gashi da ɗigo-ɗigo a hanci, sanye da baƙar ledar shara an huda wurin wuya da hannu, a kanta doguwar hular kwali mai tsini. Zuciyarta ta karye. Ta dubi uwar, mace da jakarta da takalminta mai kyau, ta rasa yadda aka yi ta fito da 'yarta a haka. Har ta juya za ta ɗauko wata rigar Safura.

"Umma, costume ne, shigar Halloween," Safura ta faɗa ƙasa-ƙasa. "Mayya ce."

"Wa ya ce mata mayya? 'Yar mutane?"

"Ita ta ce."

Idan kika ji haka ki yi shiru. A nan ƙasar yaro yana faɗin wannan da bakinsa a gaban uwarsa, uwar ta yi dariya ta ce za ta dawo ƙarfe shida.

Ki rage yaji. Gemma ta ci cincin, ta ci ƙosai uku, ta tambayi ko kaza ce. Safura kuwa ko ɗaya ba ta taɓa ba, tana tsaye tana miƙa faranti kamar mai karɓar surukai.

7. Ki gudanar da fim bisa littafi

Ki tsaya a gefen talabijin, littafi a hagu, zani a kafaɗa. Idonki a kan lamba, ba a kan hoto ba.

Da farko komai ya tafi daidai. A 310 zani ya sauka, a 400 ya tashi. Kare ya yi gudu. A 650 zani ya sauka. Da ya tashi mutanen fim ɗin duk sun firgita suna haki, ba wanda ya san dalili a falon sai mutum ɗaya.

"Mrs Maharazu," in ji Gemma da Turanci, cikin ladabi, "me ya sa talabijin ɗinku take sa kaya?"

"Hutawa take yi."

"Ina fatalwar?"

"Tana zuwa."

"Umma, please," in ji Safura.

"Ke, yi min shiru, lamba nake karantawa."

Zani ya sauka, zani ya tashi. Aka sha shayi. Gemma ta cire hular ta ɗora a cinya, ta yi hamma har ana ganin ƙosai, ta fara kirga furannin labule da yatsa. Can ta juya ta tambayi Safura ƙarfe nawa.

A nan littafi ba ya taimako. Shafa'atu ta ɗaga ido daga lambobin ta ga 'yarta ba talabijin take kallo ba, fuskar Gemma take kallo, ta wutsiyar ido, hannunta ya koma kan maɓallin riga yana murzawa. Ta dubi littafin. Saura zani shida. Ta dubi Safura. Ta ji kamar ta bar guda ɗaya ya wuce, ƙarami, ko na keken ne. Sai ta tuna yadda ita kanta ta ƙare a shagon wanki, ta gyara zanin a kafaɗa.

8. Ki tuna a ƙasar nan har agogo ana taɓawa

Duk ƙarshen Oktoba Turawa suna mayar da agogo baya da awa guda. Kin sani, Shafa'atu ma ta sani. Ita da kanta ta hau kujera ta juya na falo ranar Lahadin da ta wuce, kuma kwana shida tana sallar magariba da wuri. Amma shafin farko na littafin an rubuta shi kafin nan, yana cewa shida saura minti goma, abin da aka ja wa layi biyu kuwa ba a sake bincikensa.

Tana kan lamba 2100 ta waiga taga ta ga gari ya yi duhu. Ta leƙa kalandar masallaci da ke jikin firij. Biyar saura minti ashirin da uku. Lokaci ya shiga, saura lamba arba'in telan ya fito.

Ta tsayar da kaset, ta lulluɓe talabijin, ta rufe taga, ta ɗaga yatsa.

"Minti biyar. Kada wanda ya taɓa." Ta maimaita da Turanci don kada a ce ba a ji ba.

Ta yi alwala, ta sa gawayi a kasko ta barbaɗa turaren wuta kamar kowace magariba, ta zura farin hijabinta mai jan ƙasa wanda yayarta ta kawo mata daga Makka, ta tayar da salla a ɗakinta.

Kada ki ga laifin Safura. Yarinya ce ta ga wata takwas na biyu suna tahowa. Ta janye zanin, ta danna maɓalli. Gemma kuma, da ta san yadda ake abin, ta tashi ta kashe fitila.

A raka'ar ƙarshe Shafa'atu ta ji shi. Kir-kir-kir-kir. Keken ɗinki. Ta sallame ta zauna tana saurare, ta kasa tantance daga falo yake fitowa ko daga kabad ɗin da ke bayanta. Ba ta juya ta duba ba. Ta ɗauki kaskon turaren da hannu biyu, ta fita corridor, wanda har yanzu yana jiran in sha Allahun Dakta. Tana tafiya a hankali don kada ta taka hijabi ta zubar da wuta, hayaƙi na tashi ta ƙarƙashin haɓarta, leɓenta na motsi da Ayatul Kursiyyu.

A talabijin ƙofar kabad ta fara buɗewa. A falo ƙofar corridor ta fara buɗewa. Hayaƙi ya riga shiga, sannan wani dogon fari mara ƙafa, mai raɗa.

Gemma ta ƙwalla ihu. Safura ma ta ƙwalla, ita da ta san uwarta shekara bakwai. Shafa'atu kuwa ta ga wani baƙin abu mai tsinin kai yana tsalle a kan kujera yana ƙarar leda, ita ma ta saki nata, kuma nata ya fi na kowa tsawo.

9. Idan baƙuwa ta firgita, ki tsaya ki yi tunani kafin ki taimaka

Shafa'atu ba ta tsaya ba. Ta ga ɗan mutum yana rawar jiki a gidanta da magariba, jikinta ya yi abin da ya sani. Ta dire kaskon, ta kamo kan Gemma da hannu biyu, ta karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi da sauri, ta tofa mata sau uku a goshi, ta shafe ta daga kai har kafaɗa, leda na ƙara.

Safura ta kunna fitila.

Gemma na tsaye a sandare, gashin goshinta ya tashi. Sai a lokacin Shafa'atu ta ga abin da idon wani. Ta ga takardar hedimasta, ta ga matar council mai jakar fayil, ta ga Dakta yana bayani a ofishin da ba nasa ba. Bayan su duka ta ga benci. Ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, Turancin ya gudu ya bar ta.

"Me ta yi min?" Gemma ta tambaya.

Safura ta dubi uwarta, ta dubi hayaƙin da ke yawo a ƙarƙashin fitila. Ta saki maɓallin rigar.

"Korar su take yi," ta ce da Turanci. "Kullum sai ta yi in rana ta faɗi."

"Su wa?"

"Ba a faɗin sunansu."

Ki lura, ko kalma ɗaya ba ƙarya a ciki. Tarbiyya ke nan.

Gemma ta daɗe tana kallon Shafa'atu daga kai har inda ya kamata a ga ƙafa. Sannan ta matso, ta ɗaga gashin goshinta da hannu, ta ce a sake. Aka sake. Ta miƙo hular ita ma a yi mata. Ba wanda ya ƙara bi ta kan fim ɗin. Telan ya gama ɗinkinsa shi kaɗai a kusurwa, ba zani ba lamba.

Ƙarfe shida uwar ta zo, ta sunkuya ta shinshina kan 'yarta, ta ɗago ta ce ta gode ƙwarai. Kin san godiyar Bature, ba a gane gabanta sai bayan kwana biyu. Ranar Lahadi Shafa'atu ta goge rigunan Dakta sau biyu.

10. Ranar Litinin ki je ƙofar makaranta da wuri

Ki sa mayafinki mai kyau, ki haddace jumlar ban haƙuri. Shafa'atu ta haddace uku. Ta tsaya a wurinta na kullum, gefen kwandon shara, da murmushin da take rarraba wa iyayen yara tun Fabrairu ba wanda ya taɓa mayar mata.

Aka kaɗa ƙararrawa. Ba hedimasta, ba takarda. Safura ta fito, Gemma ta saƙalo hannunta a nata, bayansu yara mata huɗu da wani mai tabarau suna tafe a dunƙule. Da suka rage kamar taku goma duk suka tsaya cak. Wata ta ɓuya a bayan wata. Mai tabarau ya yi raɗa, "Ita ce?" Gemma ta gyaɗa kai, irin na wadda ta gani da idonta ta kuma rayu.

Shafa'atu ta faɗaɗa murmushi, ta ɗaga hannu za ta gaishe su. Safura ta rugo ta riƙe hannun, ta yi magana da Hausa tsantsa, ba Turanci ko ɗaya, abin da rabon uwar da ji tun suna Whitechapel.

"Umma, don Allah kada ki yi dariya. Za ki ɓata min."

Shafa'atu ta dubi yaran, ta dubi hannun Gemma da ke jiran na 'yarta ya dawo. Ta haɗiye murmushin. Ta ɗaure fuska tamau, ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Yaran suka ja numfashi tare. Wata ta ce ita gobe kusa da Safura za ta zauna, wata ta ce ai ita ta riga faɗa.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin komai ba. Ba ruwanta da zanin da ya kama zafin talabijin, ko keken da ya yi wata biyu a kabad ba a ɗinka ko ɗankwali ba, ko mijin da aikin asibiti yake taso masa duk ranar da aka ambaci bidiyo. Idan yaran unguwa suka fara layi a ƙofarki da magariba suna ɗaga gashin goshi, tsakaninki da iyayensu ne. Alkawarin da aka yi a sama kuwa na fatalwar cikin kaset ne kawai, ba a ce komai ba a kan ta cikin gida.

Abu ɗaya dai ki sani. Shafa'atu mace ce mai fara'a, duk wanda ya san ta zai shaida, amma bayan wannan rana sai da ta yi wata biyar ba ta yi dariya ba tsakanin ƙarfe uku da uku da rabi, Litinin zuwa Juma'a, ko da an faɗi a gabanta. Kafin ki taka shagon bidiyo, ki je gaban madubi ki ɗaure fuska na minti ashirin, 'yarki na gefe tana miki gwalo. Idan kika fashe, kada ki fara.